Sikelin da Yake Ƙara Rabin Kilo

Akwai wani ƙaramin asibiti da ke karɓar baƙi sau biyu a shekara. Ba marasa lafiya ake nufi ba, su kullum suna tafe. Ɗaliban likitanci ne daga ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta, ake turo su na mako huɗu su ga yadda ake aiki inda kayan aiki suka yi ƙaranci. Makarantunsu na kiran wannan neman ilimi. Ma'aikatan asibitin kuwa suna cewa, "An sake kawo mana wasu."

Ɗakin yara na asibitin yana da gado goma sha biyu da fanka biyu, ɗaya daga ciki tana juyawa. Mai riƙe da ɗakin wata nas ce da kowa ke kira Sista Babba. Shekararta ashirin da biyu a wurin, kuma ta ga baƙi iri-iri.

Ta ga wanda ya jera mata kabad ɗin magani bisa tsarin haruffa cikin yini guda, aka yi wata biyu ana neman maganin zazzaɓi. Ta ga wadda ta ɗauki hoto da kowane yaro a ɗakin, ta tafi ba ta san sunan ko ɗaya ba. Wani kuma ya zo da na'ura mai tsada wadda filoginta bai shiga soket ɗin asibitin ba. Ba a yi asararta ba, da ita ake tokare ƙofar sito har yau.

Sista ba ta ƙi su ba. Ta ce yawancinsu yaran kirki ne, kuma kirkin nasu ne ke ba ta tsoro. Mugu kana iya tsare shi, amma wanda ya zo taimako ba ka san ta ina zai ɓullo ba.

Likitan ɗakin, wani mai furfura a gefen kai da ba ya ɗaga murya, yana da nasa ƙorafin. Ya taɓa zuwa ƙasarsu ƙarin karatu na mako shida, lokacin yana da shekara goma yana aiki. Ya ce ko ma'aunin zafin jiki ba a bar shi ya taɓa ba.

"Hannuna a bayana na yi mako shida," in ji shi. "Su kuma in sun zo nan, ɗan aji biyar sai ya tambaye ni yaushe zai fara tiyata."

A wannan karon mace ɗaya aka turo ɗakin yara. Siririya ce mai tabarau, kullum da ɗan littafi a hannu tana rubutu, har iyayen yara suka sa mata suna Mai Littafi. Ta koyi gaisuwa da ƙirga kafin ta zo, sauran magana kuma da harshen makaranta suke yi da Sista da Likita.

Ranar farko Sista ta tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Ba a taɓa mara lafiya sai na ce. Ba a ɗaukar hoto. In Likita yana zagayen safe, a bayanmu za ki tsaya, tambaya kuma sai an gama. Kin ji?"

"Na ji, Sista."

Ta rubuta dokokin a littafinta. Sista ta dubi Likita, Likita ya dubi fankar da ba ta juyawa.

A gado na huɗu akwai wata yarinya 'yar wata goma sha ɗaya da ake kira Manaja, saboda tun da ta fara samun sauƙi take zaune a gadonta tana bin kowa da kallo kamar mai duba ma'aikata. An kawo ta ne mako biyar da suka wuce, ta rame sai idanu, ba ta iya ko kuka. Mako biyu aka yi ana ba ta madara ta wata roba da aka zura mata ta hanci, an naɗe mata hannuwa don kada ta fizge. Ranar da aka cire robar mahaifiyarta ta fita bayan ɗakin ta yi kukanta ta dawo.

Maman Manaja tela ce. Ta rufe shagonta, ta bar yara biyu wurin tsohuwarta wadda ita ma ƙafa ke damunta, mijinta direban babbar mota ne yana kan hanya. Mako biyar tana kwana a kan kujera. Likita ya yi mata alkawari ɗaya: ranar da Manaja ta kai kilo shida, ranar za su tafi gida. Ran Juma'a an rubuta mata kilo biyar da giram ɗari tara a fayil. Saura ƙiris.

Yanzu sai a san sikelin.

Tsoho ne mai fuska kamar agogo, da tsinke ɗaya da ke nuna nauyi. Shekara tara da suka wuce tiren da ake kwantar da yaro a kai ya tsage, wani mai walda ya maye shi da wani ƙarfe mai kauri. Tun daga ranar tsinken ya daina komawa kan sifili, ya zauna a kan rabin kilo. Ɗan notin da ake saita shi da shi kuwa tsatsa ta riƙe shi. An rubuta takardar neman sabo. Takardar tana nan lafiya a wani ofis.

Sai ma'aikatan ɗakin suka yi abin da ma'aikata ke yi. Duk abin da sikelin ya nuna, a cire rabin kilo a ka, a rubuta ragowar. Ba a rubuta wannan dokar a ko'ina ba, don kowa ya sani. Sabuwar nas tana koyonta a makon farko. Hannun Sista ya saba har ba ta san tana cirewa ba. Ba ta kuma kallon sikelin in babu yaro a kai, kamar yadda mutum ba ya kallon ƙofar ɗakinsa.

Ba wanda ya gaya wa Mai Littafi. Me za a gaya wa wanda aka hana taɓa komai?

Ita kuwa, mahaifinta mai gyaran agogo ne. A shagonsa ta girma. Mako biyu tana tsaye a bayan mutane hannunta na ƙaiƙayi, tana ganin tsinken nan a karkace duk lokacin da ta wuce. Ran Asabar da rana, Sista ta fita cin abinci, iyaye mata na gyangyaɗi, ta tsaya gaban sikelin ta yi lissafinta. An ce kada ta taɓa mara lafiya. Sikeli ba mara lafiya ba ne. Ko da yake, in aka duba da kyau, shi ma ya daɗe yana jinya.

Ɗigon mai biyu, da ɗan sukudireban tabaranta, da minti goma. Notin ya saki, tsinken ya koma kan sifili cif. Ta goge hannunta, ta ji daɗi a karon farko tun da ta zo. Ba ta gaya wa kowa ba, saboda a gidansu an koya mata cewa alheri ba a yi masa talla.

Ran Litinin da safe Maman Manaja ta riga kowa shiri. Ta ɗaure kayansu a leda biyu, ta sa wa yarinyar wata riga mai fure da ta ɗinka da hannu a zaman jinyar. Sauran yaran ɗakin ran Alhamis ake auna su, Manaja kaɗai za a auna yau.

"Kin yi saurin haɗa kaya, ƙanwata," in ji Sista.

"Ai na ga kumatunta, Sista. Ko makaho ya shafa ya san ta kai."

"To cire mata kwalliyar, ba da riga muke sallama ba."

Uwar ta kwantar da ita a tire. Tsinken ya yi rawa ya tsaya a kan shida. Hannun Sista ya yi aikinsa na shekara tara, ya rubuta biyar da rabi. Sai da ta ɗaga ido ta ga lambar Juma'a a samanta sannan biron ya tsaya.

"Ɗauke ta. Sake kwantar da ita."

Aka sake. Lamba ɗaya.

Likita ya ƙaraso, ya karɓi fayil ya duba. Giram ɗari huɗu cikin kwana uku, a jikin yarinyar da gaba ɗayanta ba ta kai kilo shida ba.

"Gudawa?"

"Babu."

"Amai? Zazzaɓi?"

"Babu," in ji Sista. "Ni na yi aikin Asabar da Lahadi, da hannuna na ba ta madararta. Ta shanye har tana lasar kofi."

Likita ya danna ƙafar yarinyar ko kumburi ne ya sauka. Babu kumburi. Ya saurari ƙirjinta, ya leƙa bakinta, ya mintsini fatar cikinta. Manaja ta kama abin sauraron ƙirjin tana neman kai shi baki. Komai nata lafiya, ban da lambar. Wannan ne ya fi tayar masa da hankali, don ciwon da ba ya nuna kansa ya sha ganin abin da yake yi.

"A sake aunawa," in ji shi.

Aka auna karo na uku a kan sikelin nan dai. Sikelin, wanda a karon farko cikin shekara tara yake faɗin gaskiya, ya maimaita ta.

Likita ya rufe fayil ɗin a hankali.

"Maman Manaja, ki yi haƙuri. Akwai abin da ke cin yarinyar nan da ba mu da na'urar ganinsa a nan. Motar asibiti za ta tafi babban asibiti ƙarfe sha biyu, tafiyar awa huɗu ce. Kafin ku tashi za mu mayar mata da robar hanci."

Matar ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado tana warware ɗaurin ledar da ta ɗaura da safe.

"Likita, na gaya wa yarana yau zan dawo. Ƙaramin ya ce zai jira ni a bakin titi." Ta ɗago ta dube shi. "Robar nan ba za a bari sai mun isa can ba?"

"Hanya ce mai nisa. Ba na so ta rasa abinci ko na awa ɗaya."

Sista ta tafi kabad ta ɗauko robar da filasta. A hanya tana tuna kowane kofin madara na kwana biyun nan, ko ruwa ta zuba fiye da ƙima, ko gari ta rage. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kuskuren haɗa madara ba, amma kowane kuskure yana da ranarsa ta farko.

Duk wannan, Mai Littafi tana bayansu inda aka ce ta tsaya. Awon farko da na biyu bayan Sista ya tare mata. A na ukun ne Sista ta ɗan gusa, ta hango tsinken. Ta kuma ji lambar da aka faɗa. Ta duba littafinta inda ta rubuta ƙirga, ko ita ce ta rikita biyar da shida. Ba ita ba ce.

Abin da ta fahimta a lokacin shi ne Sista ta karanta ba daidai ba, har sau uku. Ɗaliba 'yar mako biyu za ta gaya wa mai shekara ashirin da biyu haka, a gaban Likita da iyayen yara, ana tsakiyar zagayen da aka hana ta magana a ciki. Kuma Sistar nan ce za ta sa hannu a takardar da za ta koma da ita makaranta.

Sista ta auna robar daga hancin yarinyar zuwa kunne. Manaja ta gane ta. Ta fara wani kuka mai ƙarfi, irin wanda mako biyar da suka wuce ba ta da ƙarfin yin sa.

"Sista," in ji Mai Littafi. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Sai an gama."

"Ki yi haƙuri, Sista. Tsinken a kan shida na gan shi. Ke kuma biyar da rabi kika ce."

Sista ba ta ko juyo ba. "Haka muke yi. Sikelin yana ƙara rabin kilo, muna cirewa."

"Tun yaushe?"

"Tun kina makarantar sakandare. Riƙe min filastar nan, tunda kina son aiki."

Mai Littafi ba ta karɓa ba. Fuskarta ta canja launi, irin canjin da ake gani a fuskar mutanen ƙasarsu tun daga nesa. Tana iya yin shiru, ta bari wani ya gano ran Alhamis in an auna yara goma sha ɗaya duk sun rame tare. Kafin nan Manaja tana can awa huɗu daga nan da roba a hanci.

"Ba ya ƙarawa yanzu," ta ce. "Na gyara shi ran Asabar."

Kowa ya juyo ya dube ta, ban da Manaja.

Sista ta ajiye robar. Ta taka zuwa teburi, ta kalli sikelin babu kowa a kai, abin da rabonta da yi har ta manta. Tsinken yana zaune a kan sifili kamar bai taɓa zama wani wuri ba.

Likita bai yarda da farin ciki da wuri ba, aikinsa ya hana shi. Ya ɗauko ledar ƙarin ruwa biyu, kowace rabin lita, ya ɗora. Kilo ɗaya da ɗan abin da ledar kanta ta ƙara. Ya ƙara biyu. Kilo biyu da ɗan kaɗan. Ya sauke su, ya ce a kawo Manaja.

Shida. Ba a cire komai ba.

"Maman Manaja," in ji shi, "ki mayar da ɗaurin ledarki."

Matar ta dube shi, ta dubi Sista. "Wato ba ta rame ba?"

"Ƙaruwa ta yi. Mu ne muka rage ta a takarda."

Sai a lokacin ta yi kukan, tana dariya a ciki, tana neman hannun rigar mai fure ta kasa samu. Matar gado na biyar ta karɓi rigar ta sa wa yarinyar. Wata daga can ƙarshen ɗaki ta ce ita dama ta faɗa, kumatu ba sa ƙarya. Ba wanda ya ji ta faɗa, amma ba a yi mata musu ba.

Sista ta zauna a kan kujerarta.

Bayan an raka su har bakin ƙofa, Manaja tana kallon kowa karo na ƙarshe kamar za ta rubuta rahoto, Sista ta kira Mai Littafi ɗan ofishinta ta turo ƙofa.

"Me na ce miki ranar farko?"

"Kada na taɓa mara lafiya."

"Sai kika nemo wanda bai da uwa a kusa kika taɓa."

"Na ɗauka taimako ne. Na ga kamar ba wanda ya lura."

"Shekara tara, mutum ashirin, ba wanda ya lura sai ke." Sista ta girgiza kai. "Duk abin da kika gani a karkace a ɗakin nan, akwai wanda ya riga ya jingina wani abu a jikinsa. In kika miƙe shi ba ki faɗa ba, abin can sai ya faɗi. Yau a kan yarinya ya kusa faɗowa."

Mai Littafi ta sunkuyar da kai, hawaye na taruwa a bayan tabarau.

Likita, wanda ya shigo neman biro, ya ce, "Sista, ni kuma ina da tambaya. Da an gaya mata ana cire rabin kilo, za ta taɓa shi?"

Sista ta gyara zaman fayilolin da ke kan teburinta. Ba ta saba a yi mata tambayar da amsarta ba ta yi mata daɗi ba.

"Ban ɗauka za ta daɗe har ta buƙaci sani ba," ta ce daga baya. "Mako huɗu ne."

"Minti goma ya ishe ta," in ji Likita, ya ɗauki bironsa ya fita.

Sista ta yanko filasta mai faɗi ta miƙa mata. "Rubuta da manyan baƙaƙe: An gyara, kada a cire komai. Ki manna a goshin sikelin. Sannan ki zo da littafin nan naki, yau zai yi amfani."

Ta zagaya da ita ɗakin, kusurwa-kusurwa. Soket ɗin da ke bayan gado na biyu shi kaɗai ne ke riƙe na'urar iskar numfashi, kada a sa caja a ciki. Tagar da ba a rufewa, saboda in an rufe ta sai an kira kafinta. Kofin madara mai layi biyu, wanda layinsa na sama ne daidai, ba na ƙasa ba. Mai Littafi ta cika shafi huɗu. A ƙarshe Sista ta karɓi littafin ta duba, ta ce a kwafe mata a manna a bango, tunda ashe ba kowa ne ya sani ba.

Washegari ta bar ta ta riƙe yaro a karon farko, tana tsaye a kanta. A takardar makaranta kuma ta rubuta: "Ta taɓa abu ɗaya ba da izini ba. Da bakinta ta faɗa, a lokacin da faɗar ke da wuya. A sake turo mana irinta, amma a bar sukudireban a gida."

Ran da za ta tafi, Mai Littafi ta tsaya gaban agogon bangon ɗakin, tana kallonsa tana kallon na hannunta.

"Sista, agogon nan yana gaba da minti goma. Tambaya ce kawai, ban taɓa shi ba."

"Na sani, 'yata. Ni na tura shi."

"Saboda me?"

Sista ta leƙa ƙofa ta tabbata ba kowa.

"Shekara shida ke nan Likita yana ganin ya makara da minti goma, yana shigowa da sauri yana ba ni haƙuri. Wannan kam ko a littafinki kada ki sa."

Darasi: In ka sauka wurin da mutane suka daɗe suna aiki, ka ga abu a karkace, ka yi tambaya kafin ka kai hannu, in kuma ka riga ka kai, ka faɗa da wuri ko da bakinka na rawa. Ku kuma masu gida, abin da kuke cewa kowa ya sani, baƙo bai san shi ba sai kun gaya masa, kuma raina shi ba zai hana shi taɓawa ba. Ku tura wa duk wanda zai je taimako wani wuri, da duk wanda za a kawo wa mai taimako.